Ƙyastun Bindigar Ɗuri: Na Wa Za Ka Saya Kafin Ka Taɓa Katako?

Wanda ya taɓa ganin dattijo ya zaro ƙyastu daga 'yar jakar fata, ya ɗora audugar rimi a bakin ƙanƙara, ya goga ƙarfe sau ɗaya wuta ta kama, ya riga ya san rabin abin da zan faɗa. Bindigar ɗuri mai ƙanƙara wannan ƙyastun ne aka sa wa sifirin, aka manna shi a gefen bututu. Shi ya sa a nan zan riƙa kiran na'urar tayar da wutar, gaba ɗayanta, da suna ƙyastu. A Faransa aka kammala siffarta, a hannun Marin le Bourgeoys na garin Lisieux, tsakanin wajen 1610 da 1615, kuma ta yi shekara 200 tana cin zamaninta kafin hular tagulla, 'yar ƙaramar hular da ke fashewa idan an doke ta ta tayar da albarushi, ta ture ta. Irinta ce ta riƙa zuwa mana ta bakin teku daga Bamingham ta Ingila, har ƙanƙarar garin Brandon na Ingila ta ci gaba da shigowa Afirka ta Yamma bayan Turawa sun daɗe da ajiye irin wannan bindiga.

Yau cibiyar masu sake ƙera ta Amurka ce. Akwai dubban mutane da ke sayen bututu, da katako, da tagulla, su zauna a garejin gidansu wata da watanni suna haɗa doguwar bindiga irin ta Pensilbaniya ta ƙarni na 18. Suna taruwa a Friendship ta jihar Indiyana a watan Yuni da Satumba, inda ƙungiyar masu harbin bindigar ɗuri ta Amurka, NMLRA, wadda aka kafa a 1933, take gasar harbi. A Pensilbaniya ma har lokacin farautar barewa aka ware bayan Kirsimeti wanda sai mai bindigar ƙanƙara ke shiga. Cikin mutanen nan kaf, da wuya ka sami wanda yake ƙera ƙyastunsa da kansa. Saye ake yi. Wannan kuwa ba kasawa ba ce, don maƙeran Lankasta ta Pensilbaniya na zamanin Jacob Dickert, shahararren maƙerin bindiga na ƙarni na 18, ma yawancin ƙyastunsu daga Jamus da Ingila ake kawo musu, su dai su yi bututu da ƙota.

Bindigata ta farko ita ta koya mini darasin. Na sayi ƙyastu mai araha a hannun wani mai tebur a wajen baje koli, ban tambayi wanda ya haɗa shi ba, na ga dai yana ƙyalli. Na yi kusan shekara ina sassaƙa ƙota da daddare bayan na taso aiki. Ranar da na fita gwaji, na ɗura albarushi, na ɗana, na ja kunama: ƙas. Na sake: ƙas. A harbi goma, uku suka tashi. Wani dattijo da ke kusa da ni ya karɓa, ya zaro ɗan magagari daga aljihu ya goga a fuskar ƙarfen da dutse ke bugu, sai ga magagarin ya kama yana ci kamar a jikin ƙusa. Ƙarfen bai sha wuta yadda ya kamata ba. Wannan ma mai sauƙi ne, ana iya sake gasa shi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne da muka buɗe ciki, majuyin yana lilo a raminsa, ramukan sukuru biyu a karkace. Ga shi na riga na fafe gurbi a katako daidai da farantin wannan ƙyastun, babu wani na kirki da zai zauna a wurin ba tare da giɓi ba.

Kafin a shiga sunaye, ya kamata a san abin da ake dubawa. Daga waje akwai faranti, wanda komai ke ɗaure a jikinsa. Akwai mariƙin dutse mai muƙamuƙi biyu, da ɗan kaskon da ake zuba garin albarushi, da ƙarfen tartsatsi wanda yake tsaye a gaban dutse kuma gindinsa ke rufe kaskon. Daga ciki akwai babban sifirin, da majuyi wanda sifirin ke murzawa, da maƙali wanda ke shiga haƙoran majuyi ya riƙe shi har a ja kunama, da 'yar gada da ke tallafe su. Tartsatsin da ake gani ba daga dutse yake fita ba. Ƙanƙara ce ke kankare 'yan ɓarɓashin ƙarfe, zafin gugar ya kunna su, su faɗa kasko. Don haka abu uku ne ke raba ƙyastu mai kyau da na banza: taurin ƙarfen tartsatsi, kusurwar da dutse ke sauka a kansa, da daidaiton ƙarfin sifirin biyu, babba da ƙaramin da ke tokare ƙarfen tartsatsi. Dutse ya kamata ya sauka wajen kashi biyu cikin uku na tsawon fuskar, ya gangaro yana yanka kamar aska. Idan ya zo gaba da gaba ya daki ƙarfen, dutsen ne zai farfashe, tartsatsin kuma ya watse ko'ina ban da cikin kasko.

Kusan duk ƙyastun da ake sayarwa a Amurka tun shekarun 1960 da zubin kaki ake yin sa, irin dabarar da maƙeran fari suka sani, sai dai nan da ƙarfe ake yi. Zubi yana fitar da siffa mai kyau a farashi mai sauƙi, amma ba ya fitar da ƙyastu. Sai wani ya zauna ya huda ramuka daidai, ya yanka zaren sukuru, ya gyara majuyi, ya goge inda ƙarfe ke gugar ƙarfe, ya gasa abin da ke bukatar tauri. A nan ne ingancin yake. Sunan da ke kan takardar saye sau da yawa yana gaya maka mazubin da aka yi amfani da shi ne kawai, bai gaya maka hannun da ya haɗa ba.

Babu inda wannan ya fi fitowa fili kamar a ƙyastun Siler. Bud Siler na yankin Asheville a Karolina ta Arewa shi ya fito da shi, bisa siffar ƙyastun Jamus na wajen shekarun 1770, mai wutsiya mai tsini da kasko mai kusurwoyi. Akwai babba, wanda farantinsa ya ɗan haura inci 5 kuma yake ɗaukar ƙanƙara mai faɗin kashi uku cikin huɗu na inci, akwai kuma ƙarami. Ya zama ma'aunin da ake auna sauran da shi, kuma da wuya ka je wajen taro ba ka ga bindigogi da dama ɗauke da shi ba. To amma an daɗe ana sayar da Siler a wargaje, kowa ya saya ya haɗa. Kamfanoni suna haɗawa, masu shaguna suna haɗawa, ɗan koyo ma yana haɗawa a kan teburin kicin. Mutum biyu za su ce maka suna da babban Siler, na ɗaya yana tashi kafin ƙiftawar ido, na ɗayan yana cin dutse kamar gyaɗa. Idan za ka sayi Siler, tambayarka ta farko ita ce wa ya haɗa shi.

Jim Chambers, na Candler a Karolina ta Arewa, shi ya gaji sana'ar Siler, kuma a ganina nasa ne wurin da ya fi dacewa mai farawa ya fara dubawa. Dalilina biyu ne. Na farko, ƙyastun da aka haɗa a shagonsa yana da garanti a kan kayan cikinsa, kuma kayan gyaran Siler suna ko'ina. Idan sifirin ya karye maka ana gobe gasa, akwai yiwuwar ka samu a teburin wani. Na biyu, yana da nau'o'in da suka rufe yawancin abin da mai ƙera bindigar Amurka ke bukata. Akwai Early Germanic mai lanƙwasa kamar ayaba, don bindigogin farko masu jinin Jamus. Akwai Round-Faced English da Colonial Virginia, manya masu kumburarriyar fuska, masu ɗaukar babban dutse. Akwai Early Ketland da Late Ketland, da sunan gidan Ketland na Bamingham waɗanda suka cika Amurka da ƙyastu a zamaninsu. Akwai Deluxe Siler wanda aka ɗan sake wa tsayin mariƙin dutse, da Dale Johnson mai saukakkiyar wutsiya, da wani da ake sayarwa da faranti mai faɗi wanda ba a yanke ba, don maƙeri ya fitar da siffar da yake so da magagari.

Manyan nan masu kumburarriyar fuska ina ƙaunarsu ƙwarai. Tafiyar dutsensu doguwa ce, suna kankare ƙarfe mai yawa, tartsatsi ya zubo kamar ana walda. Ba su ne mafi sauri ba, amma ko dutse ya dakushe suna tashi, kuma ga mafarauci a cikin sanyi da raɓa wannan ya fi gudu amfani. Late Ketland kuwa ƙarami ne mai gajeriyar tafiya, masu harbin gasa suna yaba saurinsa, kuma shi ya dace da siririyar bindigar tsaunukan kudu ta bayan 1800. Abin da za ka sani game da Chambers shi ne yawancin nasa zubi ne da haɗin hannu. Fuskar waje tana zuwa da ɓurɓushin zubi da layin mazubi, sai ka zauna da magagari da samfefa ka goge. Aikin yini ɗaya ko biyu ne idan kana son ya yi kama da na da.

L&R na garin Sumter a Karolina ta Kudu sun bi wata hanya. Ƙarfinsu yawan iri. Suna da Durs Egg, da sunan maƙerin nan ɗan asalin Suwizalan da ya yi suna a Landan, suna da Manton, da Late English, da Queen Anne, da Dickert, da dogon siririn nan na gundumar Bedford ta Pensilbaniya wanda ba kowa ke yin irinsa ba. Nau'o'insu na Ingila ta ƙarshen zamani suna ɗauke da dabarun da maƙeran Landan suka ƙirƙiro wajen 1780 zuwa 1820: 'yar taya tsakanin ƙarfen tartsatsi da sifirinsa don rage guga, ɗan mahaɗi tsakanin babban sifirin da majuyi, da kaskon da aka ware daga jikin katangarsa don ruwan sama ya zurare ta gefe. Idan kai bahago ne, nan za ka fi samun zaɓi, domin da yawa daga nau'o'insu akwai na hagu. Suna kuma da jerin da suke kira RPL, wanda aka yi don ya maye gurbin ƙyastun bindigogin masana'anta irin su Thompson/Center da Lyman da CVA da Traditions.

Maganar da za ka ji a bakin masu ƙira game da L&R ita ce siffa da tsarinsu suna da kyau, amma ka sa a ranka za ka iya zama ka yi musu gyaran ƙarshe: goge ciki, daidaita sifirin, duba yadda ƙarfen tartsatsi ke zama a kan kasko. Wanda ya iya wannan aikin yana fitar da ƙyastu mai kyau daga Durs Egg, kuma bindigogi da yawa masu shi sun ci gasa. Wanda bai taɓa kwance ƙyastu ba, gara ya saya a hannun dillalin da zai duba masa kafin ya aiko, ko ya tanadi kuɗin mai gyara a cikin lissafinsa. Farashinsu kan ɗan yi ƙasa da na Chambers, amma idan ka haɗa da ladan gyara, ratar takan rufe.

R.E. Davis na Ohayo an fi sanin su da kunama mai ɗani biyu, wadda ake ɗana ta baya don ta gaba ta tashi da ɗan taɓi. A ɓangaren ƙyastu suna cike giɓin da wasu suka bari: babban Jaeger na bindigar farautar Jamus, Colonial American, Twigg na Ingila, da ƙyastun Faransa irin na bindigogin garin Tulle da aka riƙa kai wa Kanada. Mai son haɗa bindigar fataken Faransa ko gajeriyar Jaeger mai kaurin gindi zai tsinci kansa a wajensu ko bai yi niyya ba, don Siler a jikin irin wannan bindiga kamar hular sanyi ce a kan babbar riga.

Sai Jim Kibler, shi ma a Ohayo, wanda ya sauya yadda ake kallon lamarin gaba ɗaya. Ya fara da sayar da bindiga a wargaje wadda injin mai kwamfuta ya sassaƙa ƙotarta har gurabe, daga baya ya koma yin ƙyastunsa da kansa. Maimakon zubi, yawancin sassan, musamman na ciki, injin ne ke yanko su daga sandar ƙarfe. Bambancin yana jiyuwa a hannu. Ranar da na fara riƙe nasa, na ja mariƙin dutse baya a hankali da babban yatsa. Babu kartar komai, babu lako-lako ko kaɗan, sai ƙara biyu masu tsabta, ta rabin ɗani da ta cikakke. Na ɗaga shi sama na duba tsakanin kasko da murfinsa ta hasken taga, ban ga haske ya ratsa ba. Wannan zaman murfin ba ado ba ne: shi ke hana garin albarushi zubewa idan ka rataya bindiga kana tafiya, shi ke hana laima shiga.

Ƙarfen da aka yanko daga sanda ba ya zuwa da 'yan kogunan iska da kan ɓuya a cikin zubi, kuma sassan suna fitowa iri ɗaya, na wannan ya shiga na wancan. Fuskar waje ma ba ta cin lokaci wajen gogewa. Idan ingancin aiki kaɗai ake aunawa, daga kwali zuwa bindiga ba tare da an taɓa komai ba, ni Kibler nake sa wa a gaba. Inda ya gaza shi ne yawan iri. An fi sanin sa da biyu, mai kumburarriyar fuska irin ta Ingila da kuma Ketland na ƙarshen zamani, kuma an tsara su ne da farko don bindigoginsa. Idan abin da kake ƙerawa yana bukatar siffar Jamus mai kusurwoyi, ko ta Faransa, ko ta soja, kyan aikinsa ba zai sa ƙyastun ya dace da bindigarka ba. Kuma kada ka ɗauka Ketland ɗinsa zai faɗa gurbin da aka fafe don Ketland na Chambers. Suna ɗaya ne, faranti daban.

A nan ne masu farawa suka fi yin kuskure, shi ya sa zan ɗan tsaya. Sukan tambayi wanne ya fi sauri, su saya, sannan su nemi bindigar da za su liƙa shi. Ƙyastu yana da zamani da ƙasa, kamar yadda ɗinki yake da su. 'Yar tayar nan da kasko mai zurarar da ruwa ba su da wuri a bindigar 1760. Babban mai kumburarriyar fuska ba zai zauna a siririyar bindigar 1820 ba, don katakon wurin bai kai ya ɗauke shi ba. Girman faranti shi ke yanke faɗin kafaɗun ƙota, wurin da maƙali ya faɗo shi ke yanke inda kunama za ta zauna, inda kunama ta zauna kuma shi ke yanke tsawon ƙota zuwa kafaɗarka. Kasko dole ya yi daidai da kafar wuta a jikin bututu, kafar tana kallon saman bakin kaskon kamar rana a bakin faɗuwa. Duk siffar tsakiyar bindiga daga ƙyastu take tasowa.

The Rifle Shoppe na garin Jones a Oklahoma duniya ce daban. Su daga ainihin tsoffin bindigogi suke ɗaukar mazubi: Brown Bess ta sojan Ingila iri-iri, Charleville ta Faransa, Baker, Ferguson, har da na'urorin da suka girmi ƙyastun Faransa. Idan kana son abin da ya yi daidai da na tarihi har rubutun da ke kan faranti, da yawa babu inda za ka samu sai can. Amma abin da zai zo maka a leda gutsattsarin zubi ne. Kai za ka huda, ka yanka zare, ka miƙe abin da ya lanƙwashe, ka gasa sifirin da ƙarfen tartsatsi. Ga kuma wata matsala ta dabarar kanta: kaki da ƙarfe suna ɗan tsukewa idan sun huce, don haka kwafi yakan fito ƙasa da na asali kaɗan, wani lokaci sai an yi ciko da walda ko an ƙera sabon majuyi. Jira ma yakan yi tsawo. Suna haɗawa idan ka biya, akwai kuma ƙwararrun da wannan ne aikinsu. Ga wanda bai taɓa haɗa ko Siler ba, ba na ba shi shawarar ya fara da nan.

Tunda an zo gashi, bari in faɗi abin da yake faruwa da ƙarfen tartsatsi. Na Siler da ire-irensa ƙarfe ne mai yawan gawayi a jiki, wanda ake kira 1095. Ana kai shi ja jawur, a tsoma a mai, sannan a mayar da shi cikin ɗan zafi wajen digiri 190 na salshiyos na kamar awa guda don ya rage gautsi, a ƙara sassauta gindinsa da wuta don kada ya karye a wuya. Idan ya yi laushi, dutse zai nutse a ciki ya yi rami, tartsatsi ya fito ja mai rauni. Idan ya yi tauri fiye da kima, dutse zai zame a kai ba ya kankaro komai. Wani lokaci fatar waje ta zubi takan rasa gawayinta, sai sabon ƙyastu ya ƙi tartsatsi har sai an goge fatar nan an kai ga lafiyayyen ƙarfe.

Na Turai da Indiya ba su cika shiga lissafin mai ƙira daga tushe ba, amma ana tambaya. Pedersoli na Gardone Val Trompia a Italiya, wanda aka kafa a 1957, cikakkun bindigogi yake yi, kuma manyan ƙyastunsa na soja, kamar na Brown Bess mai rubutun Grice 1762, suna aiki da kyau. Sai dai sayen ƙyastun shi kaɗai yana da tsada, kuma an yi shi ne don gurbin bindigarsu. Na Indiya da hannu ake ƙera su, sifirinsu kan yi ƙarfi sosai, sassan wannan ba sa shiga wancan. Idan abu ya karye, sai dai a ƙera sabo. Bindigogin masana'anta irin Hawken ta Thompson/Center da ta fito a 1970 da Great Plains ta Lyman kuwa sifirin murɗaɗɗe ne a cikinsu maimakon mai lanƙwasa irin na da. Suna harbi, amma ba a gina bindigar hannu a kansu.

Ko na wa ka saya, akwai gwajin da za ka yi kafin ka taɓa katako, lokacin da har yanzu za ka iya mayarwa. Naɗe sabuwar ƙanƙara a 'yar fata, ka ɗaure ta a muƙamuƙi, bakinta ya yi daidai da faɗin fuskar ƙarfe. Kashe fitila, babu albarushi kusa. Ɗana ka saki. Abin da kake so ka gani shi ne tartsatsi fari ko ruwan lemo mai yawa, yana faɗawa cikin kasko yana tsalle a ciki, ƙarfen kuma ya buɗe gaba ɗaya ya tsaya, kada ya dawo ya daki dutse. Yi haka sau ashirin ka duba bakin dutsen. Idan ya riga ya farfashe, kusurwa ko sifirin na da matsala. Sa shi a rabin ɗani ka danna maƙali da ƙarfi, bai kamata ya kuɓuce ba, domin wannan haƙorin shi ne tsaronka. Kama mariƙin dutse ka girgiza gefe da gefe. Duba farantin ta ciki, idan ka ga inda sifirin ko majuyi ke karta shi, akwai guga. Idan za ka sa kunama mai ɗani biyu, tabbatar akwai ɗan harshen nan a jikin majuyi wanda ke tsallakar da maƙali daga haƙorin rabin ɗani. In babu shi, bindiga za ta riƙa tsayawa a rabin hanya. Kada kuma ka taɓa sakin ƙyastu babu dutse ko ɗan katako a bakinsa, kuma kada ka cire babban sifirin da filaya, akwai ɗan matsi na musamman da ake yi don haka.

To, na wa? Idan bindigarka ta farko ce kuma ta Lankasta ce ko makamanciyarta ta zamanin juyin juya halin Amurka, ɗauki babban Siler ko Deluxe da aka haɗa a shagon Chambers. Idan bindigar Bajiniya ce ta farko ko ta harbin tsuntsu irin ta Ingila, zaɓin yana tsakanin mai kumburarriyar fuska na Kibler da na Chambers. Ni zan ɗauki na Kibler idan ina sassaƙa daga ɗanyen katako, na Chambers idan ƙotar ta riga ta zo da gurbinsa. Haka ma bindigar tsaunukan kudu, tsakanin Ketland ɗinsu biyu. Bahago, ko mai son Bedford ko ƙaramin ƙyastun Landan, ya nufi L&R da shirin gyara. Mai Jaeger ko bindigar Faransa ya duba Davis. Mai son kwafin bindigar soja sak ya je The Rifle Shoppe, ya nemi gwanin da zai haɗa masa. Dillalai irin Track of the Wolf na Minesota suna buga hotunan ƙyastu a ainihin girmansu, kana iya yanke hoton ka ɗora a kan zanen bindigarka ka ga ko ya zauna.

Ga mai karatu a gida, a tuna cewa a Najeriya dokar makamai ta 1959 ta haɗa har da bindigar ɗuri: mallakarta sai da lasisi, ƙera ta ma haka. A Amurka dokar tarayya ba ta ɗauke ta kamar bindigar zamani ba, ko da yake wasu jihohi suna da nasu ƙa'idojin.

Ratar kuɗi tsakanin ƙyastu mafi araha da mafi kyau a cikin waɗannan ba ta kai kuɗin katako mai kyau guda ɗaya ba, kuma aikin da za ka zuba a bindigar ya haura awa ɗari. Bindigata ta biyu, ƙyastun na fara saye. Ya yi wata biyu a kan teburina ina ƙyasta shi kullum da dare, na ƙarar da ƙanƙarar Ingila baƙa guda uku da ta Faransa mai ruwan zuma guda ɗaya a kansa, na gane ya fi son a juya gangaren dutsen ƙasa. Sai bayan nan na ɗora farantinsa a kan katako na zagaye shi da fensir.